Shekarar da Na Kulle Irin Baba

Ina da shekara ashirin da 'yan kai gwamnati ta ba ni keke da wandon kaki, ta ce ni ne malamin gona na wasu ƙauyuka a yankin Kore Mairuwa, har da namu. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, mu kuma 'yan lakwal, wato 'yan boko, na lokacin kanmu ya kumbura har hula ba ta zama. Gani muke duk abin da ya lalace a Arewa duhun kai ne ya lalata shi, maganin kuwa yana aljihunmu. Ni da na tashi ina bin bayan sungumin Baba ina jefa iri a rami, sai ga ni tsaye ina koya wa tsofaffi tazarar da za su bari tsakanin rami da rami. Sukan saurara da haƙuri, su ce madalla, in na hau kekena su ci gaba da yadda suka saba.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kama sunana ba. Da na sami aiki sai ya sami abin da zai riƙa kirana da shi, wato malamin gona. Fuskarsa ba ta motsi in ya faɗa, har yau ban san ko yabo ne ko ba'a ba. Mutum ne marar yawan magana, ba shi da wata dukiya da za a nuna in ban da jaki ɗaya, awaki 'yan kaɗan, da gonarmu ta kan jigawa. Abin da yake taƙama da shi a ransa shi ne irin geronsa.

Gajere muke ce wa geron nan a gida. Kakata, uwar Baba, ita ta zo da shi daga wajen Lugu cikin kayan aurenta. Zangarniyarsa ba ta da tsawo, ba ta da kyan gani, har maƙwabta kan tsokani Baba su ce wutsiyar akuya yake shukawa, kuma ba wanda ya taɓa roƙonsa ko ƙoƙo ɗaya ya gwada. Amma yana da sauri. Na mutane na cikin fidda kai namu ya fara ƙosawa, kuma duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, a gidanmu ake fara jin daka. Jigawarmu ba ta riƙe ruwa, gero mai nawa ba ya yi a kanta, maiwa kuwa ba a ma maganarta. Da gajere aka ciyar da Baba, da shi ya ciyar da mu.

Kowace kaka, kafin a fara girbi, Baba kan jiƙa kaba da safe, ya rataya a kafaɗa, ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya shiga gona shi kaɗai. Yini yake yi yana bin gero gindi-gindi, ya kama kai ya duba, ya murza, ya ciza ƙwaya, wanda ya yi masa ya yanke. Da la'asar ya dawo da ƙananan dammuna uku ɗaure da kabar nan. Ba a sussuke su. Yakan barbaɗe su da toka ya rataye a ƙololuwar rumbu, ko yunwa za ta kashe mu ba mai taɓa su sai ranar shuka. Na taɓa ganin Inna ta yi kwana da kwanaki tana dafa mana ganyen tafasa zalla, dammunan na nan rataye, ko zancensu ba ta ɗauko ba.

Mutumin da ya fi kowa raina aikina shi ne kawuna, ƙanen Inna. Ɗan kasuwa ne a Kore Mairuwa, yana da rumfar gishiri da kanwa, in bazara ta yi nisa kuma ya fito da iri, gero da maiwa da wake, kowanne a masakinsa daban. Yakan ƙetara iyaka zuwa ɓangaren Ingilishi ya saro kaya ta hanyoyin da ba sai na faɗa ba. Bakinsa ba ya shiru, kuma kaki ba ya ba shi tsoro. Ranar da na fara zuwa rumfarsa da keken, ya tashi ya zagaya shi, ya danna ƙararrawar, ya ce, "Ɗan lakwal, ka san mi ne ne wanga? Jakin tsohonka na, anka sa mishi ƙahwar roba."

Maganar ta soke ni, domin a kakar da ta wuce ne Baba ya sayar da jakin nan ɗaya tilo ya cika kuɗin lanho, wato harajin kai. Bature ya tafi amma lanho bai bi shi ba, sai ma ƙiba da ya ƙara. Da kaka ake karɓarsa, lokacin da kowa ke fitowa da geronsa kasuwa rana ɗaya don neman kuɗin, farashi ya faɗi warwas, mutum ya zubar da abincin watanni ya karɓo 'yar takarda. Shekarar nan bayan jaki Baba ya sayar da fiye da rabin rumbu. Kafin bazara ta kai tsakiya gajeren ci ya ƙare ƙaf, dawar da kawu ke aikowa ita Inna ke tuƙawa. Abin da ya rage na gajere a duniya gaba ɗaya shi ne dammunan nan uku.

Ni da kawu ba ma haɗuwa mu rabu ba mu yi gardama ba. Shi a ganinsa aikin gwamnati shi ne ta tsare hanya daga ɓarayi, ta raba faɗa tsakanin manomi da Bafillace, ta haƙa rijiya inda mutane suka kasa, sauran ta bar wa mutane abinsu. Yakan ce duk kujerar da aka ƙara a biro, wato ofishin gwamnati, akuyar wani ce aka kai kasuwa, kuma wanda ke kan kujerar bai san akuyar ba balle ya ji zafinta. Ya ce mai gona ya fi kowa sanin gonarsa, domin in ya yi kuskure cikinsa ne zai gaya masa, ni kuwa ko gonakin ƙauyuka goma sun ƙone albashina na nan ƙarshen wata. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, in shi kawu ya cuci mutum a awo, gobe mutumin ya wuce shi ya tafi rumfar gaba, amma in biro ya cuce shi, wace rumfa za shi?

Ni kuma ina da nawa amsoshin, waɗanda aka koya mana a wajen horo, kuma na yi imani da su. Nakan ce 'yan kasuwa irinsa su ne ke shan jinin talaka, su saye da kaka da arha su sayar da damina da tsada. Nakan ce ƙasa sabuwa ba ta ginuwa sai kowa ya kawo nasa an haɗa wuri ɗaya. Kawu sai ya tambaye ni wa ya tilasta wa talaka sayarwa da kaka, shi ko mai karɓar lanho. Ni sai in ce masa bai yi lakwal ba. Yakan yi dariya ya ba ni goro, ni kuwa in tafi ina huci.

A bazarar nan umarni ya zo daga bironmu na Dogon Dutsi. An ce an lura wasu magidanta na cinye irinsu kafin damina, ruwa ya sauka ba su da abin shukawa. Gaskiya ne, akwai su, a ƙauyenmu ma gida biyu ne ko uku, kowa ya san su, kuma 'yan'uwansu ke ba su in lokaci ya yi. Don a ceci waɗannan sai aka ce kowane gida ya kawo irinsa a ajiye masa a mangaza, wato ɗakin ajiya na gwamnati. An gina mangazar a bakin gari da siminti da kwano, da ƙofar ƙarfe, irin ginin da ko masallacinmu bai samu ba. Makullin kuwa a hannun shef ɗinmu, shugaban biron, zai zauna can Dogon Dutsi, wai don kada mai tsaro ya yi sata. Aka kuma hana sayar da iri a kasuwa, don kada 'yan kasuwa su tsawwala wa mutane. Kawu bai yi musu ba. Ya juye masakansa a buhuna, ya ɗora wa raƙumin wani Buzu, ya ƙetare da su inda ba a hana ba.

Na bi gida-gida ina karɓa. Mutane ba wawaye ba ne, suna kawo mini na banza su ɓoye na kirki, na sani, sun san na sani. Baba kuwa ko na banzan bai kawo ba, don ba shi da shi, kuma ba ya iya ƙarya. Sai magana ta fara yawo a bakin rijiya da gindin maina, wai malamin gona ya iya shiga rumbun kowa ban da na gidansu. Maigari ya kira ni gefe ya ce shef na zuwa duba aiki, kuma akwai masu niyyar gaya masa. Na kwana biyu abin na cina. Ina so in ce tsoro ne ya kai ni, amma ba tsoro kaɗai ba ne, har da son a ce ni mai gaskiya ne da ba ya bambanta uba da bare.

Da hantsi na je gida, na daidaici lokacin da Baba ke majalisa. Na leƙa rumbu, ƙololuwa wayam. Da gardi ne, dogarin gwamnati, ya zo neman iri, da ya juya ya tafi, amma ni ɗan gida ne, na san tsohuwar randar da ke kife bayan ɗakin Inna. Na ɗaga ta, ga su nan cikin toka. Inna ta fito tana riƙe da muciya, ta ce in jira shi ya dawo mana. Na ce aiki ne, ba ni da lokaci. Na ɗaure su a bayan keke na turo, ban kai bakin gari ba muka yi kiciɓis da Baba yana dawowa.

Ya dubi dammunan, ya dube ni. Na fara zuba masa bayani, cewa wurin ya fi rumbu tsaro, akwai maganin ƙwari, ba gara ba ɓera, kuma ranar shuka ni da kaina zan kawo masa abinsa har gida. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ka aje su daban, malamin gona. Kak ka bari su gamu da na kowa." Na ce na yi alkawari. Ya wuce gida bai ƙara waiwayowa ba.

Da farko na cika alkawari. Takarda ta ce kada a ajiye dami, a sussuke komai a zuba a buhu don ya hau sikeli. Na sa mata suka sussuke na gari, na Baba kuwa na sa aka yi shi a turmi daban, na zuba a buhunsa, na yi masa alama da gawayi. Bai kai rabin buhu ba. Da shef ya zo, ya bi layin buhunan yana bubbuga su da 'yar sandarsa, har ya iso kan wannan da ya langaɓe a lungu. Ya tambaya, na gaya masa. Bai yi faɗa ba, mutum ne mai fara'a, ɗan birni, bai taɓa riƙe sungumi ba kuma bai ɓoye hakan ba. Ya ce gero ai gero ne, buhuna sun yi kaɗan, kuma bai kamata a ce ma'aikaci ya ware wa gidansu nasu ba. Ya ce a cika shi.

Ga maigari tsaye, ga masu sussuka suna kallo. Na san gero ba gero ba ne, tun ina yawo ba wando na sani. Na san abin da ya rage a ƙasa tarkacen irin gidaje ne, mai nawa da maiwa da wanda ma ba a san asalinsa ba. Na ɗauki ƙwarya da hannuna na cika buhun Baba, shef ya sa aka juye shi a tabarma aka cakuɗa da hodar ƙwari, aka mayar, aka ɗinke. Ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu, ya shiga mota. Ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina ai akwai lokaci.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Talata da la'asar, mai ƙarfi, irin wanda ake roƙo. Washegari da sassafe na fita bayan gari na tona ƙasa da hannu, har gwiwar hannuna danshi ne. Duk wanda ya tashi a jigawa ya san lissafin: yau da gobe, in an matsa jibi, daga nan rana ta shanye shi. Waɗanda suka ɓoye nasu tuni sun fita, ana jin sungumi ta ko'ina. Waɗanda suka ba ni nasu tsakani da Allah kuwa, su ne suka taru a ƙofar mangaza, kowa da ƙwaryarsa. Wasu sun riga sun aika yara Kore Mairuwa ko za a dace, aka dawo aka ce ko tiya ɗaya ta iri babu a kasuwa, ai an hana.

Ina tsaye ina ba su haƙuri sai ga Baba ya ratso mutane, da gatarinsa na sassabe a hannu. Ya miƙo mini ta wajen ƙota.

"Ga gatari," ya ce. "In hannunka bai iyawa, juya baya, ni in sare shi."

Kwaɗon nan ba wani babba ba ne, sara ɗaya zai buɗe shi. Na dube shi na ga aikina, na ga kekena, na ga gardi na ja na zuwa kaso a gaban 'yan ajinmu. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Kayan gwamnati ne. Gobe war haka ina nan da makulli in Allah ya yarda."

"Kayan gwamnati," in ji shi. Ya sauke gatarin, ya koma gefe ya zauna a ƙasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na hau keke na kama hanyar Dogon Dutsi. Inda ruwa ya kwanta in saɓa keken a kafaɗa, inda yashi ya yi yawa in tura. Gonaki hagu da dama cike da mutane, maza na sara mata na bi suna jefawa suna take rami da diddige, wasu har su ɗago su yi mini sannu. Na isa da yamma jikina duk laka. Mai gadin biro ya ce shef ya tafi Dosso tun jiya, taro aka kira su kan shirin damina. Na tambayi makulli, ya ce ai duk makullan mangazu a zobe ɗaya suke, suna cikin motar. Mataimakinsa na nan, amma ya ce ba shi da ikon ba da izinin fasa kwaɗo, sai dai in rubuta takarda ya aika. Na rubuta.

Kwana biyu na yi a barandar biron nan, kuma ba ni kaɗai ba, mu huɗu ne, har da wani daga Dogon Kiriya da ya zo a kan amalanke. A nan na fara kallon wurin da idon kawu. Ana gina sabon ɗaki a gefe, an sauke sababbin kujeru ba a ma kwance su ba, akwai mai share tebur, akwai mai kai takarda daga wannan ƙofa zuwa waccan, akwai direba na biyu da ba shi da mota yana barci a inuwa. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, har shayi suka ba mu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba wanda a cikinsu ya ɗaga kai ya dubi rana. Mu huɗun nan kuwa ba abin da muke kallo sai ita, tana dukan ƙasa. Na yi shekaru daga baya ina kasuwanci, domin ban ƙara damina biyu a aikin ba na ajiye kakin na kafa rumfa kusa da ta kawu, kuma na ga cuta iri-iri a kasuwa, kawu kansa ba waliyyi ba ne, in ya ga ido ya rufe yakan ninka kuɗi ba kunya. Amma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ruwan shuka ya sauka ya rufe rumfar iri ya tafi taro ba. Tun ranar nake ganin duk abin da mutum zai iya riƙe wa kansa, to a bar masa, a kuma rage abin da ake karɓa a hannunsa don biyan masu riƙe masa.

Shef ya dawo ranar Juma'a, ya yi mamaki da ya ji an yi ruwa a wajenmu, don a Dosso ko ɗigo ba a yi ba. Ya ciro makullin ya ba ni da fara'arsa, ya ce in gaishe da manoma. Na isa gari ranar Asabar da hantsi. Kafin in shiga na sauka na tona ƙasa a gefen gonarmu. Yashi ne mai zafi har inda hannuna ya kai.

Na buɗe mangaza na raba. Duk wanda ya karɓa sai ya juya. Buhun nan mai alamar gawayi na ɗora a keke na kai gida kamar yadda na yi alkawari. Baba ya farke bakin buhun, ya tsoma hannu ya ɗebo, ya baza a tafinsa, ya hure hodar. Bai daɗe yana kallo ba. Ya ce, "Wanga na kowa na. Ina nau?"

Na gaya masa duk yadda aka yi, ban rage komai ba, har da cewa ni na riƙe ƙwaryar. Inna ta shige ɗaki. Shi kuwa ya ce a miƙo masa faifai. Ya zauna a inuwar rumbu ya zuba kaɗan, ya fara tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya da farce, wadda yake zaton tasa ce ya jefa a ƙoƙo. Ƙwayar gajere ta ɗan fi duhu, ta ɗan fi ƙanƙanta, amma hoda ta mai da su duka launi ɗaya, idonsa kuma ya fara rauni. Na tsuguna zan taya shi, ya janye faifan ba tare da ya dube ni ba. Kwanaki ya yi yana wannan aiki, daga hantsi har rana ta yi sanyi, ƙoƙon bai cika ba.

Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan kusan mako uku. Muka shuka abin da ke akwai, na ƙoƙo a tsakiyar gona, na buhu a sauran. Na ɗauki hauya na yi noman farko da maimai tare da su, ban tsallake rana ba, kamar hakan zai gyara wani abu. Gonar ta tashi ba kan gado, wani ya fi mutum tsawo wani iyakar ƙugu, wani ya fidda kai wani ko niyya bai yi ba. Ɗan abin da ya nuna da wuri ya fito tsilli-tsilli, tsuntsaye suka taru a kansa suka gama da shi. Sannan ruwa ya ɗauke da wuri, irin shekarar da a da gidanmu ke fara daka. Maiwa da mai nawa suka bushe a tsaye da kai ba ƙwaya. Waɗanda suka ɓoye irinsu suka shuka ranar Laraba sun sami na ci. Waɗanda suka amince da ni su suka cika hanyar ƙetare da cin rani tun kaka ba ta ƙare ba, har da ƙannena biyu. Lanho kuwa ya zo a kan lokacinsa, bai ragu da ko tamma ba, awakin Inna suka tafi.

Kafin girbin abin da ya samu, wata safiya na ga Baba ya jiƙa kaba. Ya rataya a kafaɗa, ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya fita kamar kowace shekara. Ban je aiki ba ranar. Na zauna a ƙofar gida ina hango shi can kan jigawa, ya tsaya a gindin wannan, ya kama kai, ya saki, ya matsa gaba. Ya daɗe a tsakiyar gona inda muka shuka na ƙoƙo. Azahar ta yi bai dawo ba, Inna ta aika masa da ruwa, aka dawo da shi bai sha ba. Ina ta faɗa wa kaina ko kai goma ya samu ai sun isa a sake tada irin, shekara biyu uku ya dawo yadda yake.

Da la'asar ya shigo. Kabar na nan a kafaɗarsa yadda ya fita da ita, ta bushe. Ya tsaya a gabana, ya ce, "Na bi ta dut, malamin gona. Ban gan shi ba." Ya rataye kabar a jikin rumbu, ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Ya yi shekara shida bayan haka yana noma, da irin da kawu ke auno masa a kasuwa bayan an janye hanin. Bai ƙara shiga gona zaɓen iri ba, kuma bai taɓa tada mini zancen ba har ya rasu. Ni kuwa na je Lugu sau biyu, na bi dangin kakata gida-gida, waɗanda suka tuna da shi suka ce sun daɗe da barinsa. Har yanzu in na shiga kasuwa na ga an jingine damin gero mai gajeren kai, sai na tsaya na murza, na ciza ƙwayar. Masu shi kan ɗauka saye zan yi, su fara yi mini ciniki.